Hannun da Na Miƙa

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta haihu, namiji. Tana raye. Bari in fara rubuta wannan kafin komai: ƙanwata tana raye.

Ina shago da kan wata mata a cinyata, kitso ya kai rabi, mijin Auta ya kira. Muryarsa kaɗai ta ishe ni. Wai jini ya ƙi tsayawa. Na bar matar da tsinken tsaga a ka na fita, ko takalmi ban sa daidai ba. A asibiti aka gwada nasa, bai dace ba. Aka gwada nawa, ya dace.

Nas ɗin ta ce wane hannu. Na miƙa na hagu, na ce na dama na neman abinci ne. Har ta yi dariya. Da allurar ta shiga sai na ji wani abu ya tsarga mini tun daga gwiwar hannu har babban yatsa, kamar na taɓa wayar wuta. Na yi ƙara. Ta ɗan juya allurar ta ce in daure, haka yake yi wa wasu. Na daure. Wa zai tsaya wa hannu alhali 'yar uwarsa na can tana tsiyaya?

Da ledar ta cika an ce in zauna in huta, na ƙi. Na miƙe na nufi ɗakin da Auta take, a baranda duniya ta juya. Na farka a ƙasa, wata mai shara na yi mini fifita da kwali. Abin kunya, ƙatuwar mace kamata.

Laraba, 5 ga Maris

Wurin allurar ya yi baƙi ƙirin, ya bazu kamar an zubar da tawada a ƙarƙashin fata. Jiri in na tashi da sauri. Maigida ya sayo hanta da madara, yana tsaye a kaina sai na cinye. Ya ce yau shi ne nas.

Babban yatsa da manuniya kamar ba nawa ba. Minjirya ce, za ta sake.

Asabar, 8 ga Maris

An sallami Auta. Ta rame, leɓɓanta fari fat, amma tana magana. Inna ta kama kaina tana sa mini albarka har na rasa inda zan sa fuskata. Auta ta ce, "Yaya, yanzu jininki ke yawo a jikina, in na fara masifa kada a ga laifina." Kowa ya yi dariya. Ni ma.

Hannun na cikin mayafi. Ko yadin ya goge shi sai in ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Talata, 11 ga Maris

Na koma shago. Malama ce ta farko, ita da ba ta taɓa kai kanta wani wuri ba tun tana koyarwa a makarantar bayan layinmu. Na tsaga, na ɗauki gashi, na fara. Silin yana zame mini. Ina ganin yatsuna a kan gashin amma ba na jin gashin. Kitson da nake gamawa kafin shayinta ya huce, sai da rana ta take. Ta shafa ta ce, "Yau hannunki da sanyi." Na ce gajiyar asibiti ce.

Na dama na neman abinci, in ji ni. Tun ina yarinya nake kitso, sai yau na san na hagu ne ke riƙe, na dama bi kawai yake yi.

Juma'a, 14 ga Maris

Baƙin ya koma kore, koren ya koma ruwan ɗorawa. Fata na warkewa. Ciki ne ba ya.

Lahadi, 23 ga Maris

Ba na son rubuta wannan.

Na je gidan Auta. Tana son shiga wanka ta miƙo mini yaron, na karɓa ba tunani. Kansa ya sauka daidai lanƙwasar hannun, wutar nan ta tashi, hannun ya saki da kansa. Da gwiwata na tare shi. Da gwiwa! Bai ko farka ba. Auta ta riga ta juya baya, ba ta gani ba.

Na kwantar da shi a gado na zauna a kan hannuwana har ta fito. Ta ce in ɗauke shi mana, ai bai gan ni sosai ba. Na ce mura nake ji, kada in shafa masa.

A hanya na tsaya jikin wani kanti na yi ta haki kamar wadda aka biyo.

Talata, 1 ga Afrilu

Maigida ya ajiye aikinsa a gareji ya kai ni wajen likita. Likitan ya sa na rufe ido, yana taɓa yatsun da auduga, da bakin allura. Nan kin ji? Nan fa? Wani wurin ban ji komai ba, wani wurin na kusa tashi daga kujera.

Ya ce allurar ta taɓa jijiya, ba ta jini ba, wadda ke kai ji zuwa yatsu. Ya ce abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, mutane da yawa suna ba da jini su tashi lafiya lau, kuma yawancin waɗanda ya sama suna warkewa cikin makonni. Na ce sauran fa? Ya gyara gilashinsa. Ya ce wasu watanni. Na ce sauran fa? Ya ce mu dai fara magani.

Ya ce da na faɗa da ƙarfi tun lokacin, da an zare allurar. Na faɗa. Ko ban faɗa da ƙarfi ba? Na yi ta juya abin a raina har gida. Ko da an ce za a zare, da na yarda?

Alhamis, 3 ga Afrilu

Maigida ya ce a gaya wa su Inna. Na ce ko da wasa. Auta jininta na hawa tun haihuwar, an ce a kiyaye mata tashin hankali. Kuma na san ta. Tun tana ƙarama in ta fasa kofi sai ta ƙi cin abinci. In ta ji wannan, nonon ma sai ya ƙafe.

Ya ce, "To ke fa?" Na ce ni babba ce. Ya kaɗa kai ya fita.

Laraba, 9 ga Afrilu

Maganin yana sa ni barci. Na yi gyangyaɗi a kan wata mai kitso, tsinke a hannu. Ta ce in ba ni da lafiya in faɗa, ba dole. Ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso ta tafi.

Laraba, 16 ga Afrilu

Sashen gashin ƙashi, inda ake motsa gaɓoɓi. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa, da kwanon wake in riƙa tsinta ɗaya ɗaya da yatsu biyun. Ni da mata ke layi saboda ƙananan kitsona, ga ni zaune ina kokawa da ƙwayar wake. Kusa da ni wani tsoho ne mai shanyewar ɓarin jiki, ya fi ni tsinta. Ya ce, "'Yata, a hankali, ba gasa muke ba." Na yi masa murmushi. Da na shiga banɗaki na yi kuka.

Asabar, 26 ga Afrilu

Asabar, ranar da ba na samun zaman cin abinci. Yau mutum biyu. Ɗaya ma tsifa kawai ta zo.

Na share shago sau ba adadi. Na jera kwalaben mai, na sake jerawa. Tela na kusa da ni ya leƙo ya ce ko an yi mini rasuwa ne, shiru ya yi yawa. Na ce rediyon ne ya lalace.

Litinin, 5 ga Mayu

Na ga Malama a bakin titi tana jiran mota. Iska ta ɗaga mata ɗankwali. Sabon kitso, tsaf, tsagar a miƙe. Na san hannun, na yarinyar da ta buɗe shago a tsallake ne, tana jan gaban goshi da yawa, nan da shekara gashin wurin zai tafi. Malama ta gan ni, ta yi saurin gyara ɗaurin, ta gaishe ni da fara'ar da ta wuce kima.

Ban ga laifinta ba. Kai nata ne. Amma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na ƙone. Murfin tukunya na ɗauka, ban ji ba, sai da na ji ƙauri. Fatar manuniya ta tashi. Hannun da iska ke sa shi kuka, wuta ta ci shi bai sani ba. Wannan wace irin cuta ce?

Maigida ya ɗaure mini yatsan. Kallon da ya yi mini ya fi faɗa.

Lahadi, 11 ga Mayu

Inna ta kira. Wai Auta na kuka da ni, na ɗauke ƙafa, in na zo ma ba na taɓa yaron, kamar mai ƙyama. Wai me aka yi mini? Na ce aiki ne ya yi yawa. Aiki! Inna ta ce, "Kin yi babban alheri, kada ki ɓata rawarki da tsalle."

Na ce to, Inna.

Alhamis, 15 ga Mayu

Na je, don a daina magana. Auta ta yi ƙiba, fatarta ta yi sheƙi, kumatu sun dawo. Tana tsaye tana sirka wa yaro ruwan wanka da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da waya, tana dariya da ƙawarta. Yatsunta goma suna aiki ba ta ma san suna yi ba.

Wani abu ya taso mini a ƙirji, baƙi, mai ɗaci. Na ce a raina, da nawa kike wannan dariyar. Allah na tuba. Ƙanwata ce, ni na goya ta. Bai daɗe ba, kamar ƙiftawar ido, amma ya zo, kuma na san shi, kuma ba zan iya cewa bai zo ba.

Ban iya cin abincin da ta zuba mini ba.

Juma'a, 23 ga Mayu

Likita ya ƙara magani. Ya ce jijiya a hankali take toho, kamar tsiro. Na ce wani tsiron ai ba ya fitowa. Ya ce kada in yanke ƙauna. Da alama dai ya daina cewa makonni.

Laraba, 28 ga Mayu

An fara ruwa. Sanyi na shiga hannun kamar ana tura tsinke ta cikin ƙashi.

Lahadi, 1 ga Yuni

Na rufe shago. Ban ce wa kowa na rufe ke nan ba, na dai kwaso matsefaina da tsinkayen da madubin hannu na zuba a jaka. Kujerar da nake zama ta lotsa daidai jikina, na bar ta. Tela ya taya ni jan ƙofa don kwaɗon ya ƙi shiga da hannu ɗaya. Ya ce sai yaushe? Na ce sai an ga ni.

Na dawo gida da rana tsaka, na zauna a bakin gado. Ban san me mutane ke yi da rana ba.

Laraba, 4 ga Yuni

Saƙo ya shigo wayata daga wurin karɓar jini. Suna godiya, wai na ceci rai, kuma lokaci ya yi da zan iya sake bayarwa.

Na yi dariya har Maigida ya leƙo daga tsakar gida. Na nuna masa. Bai yi dariya ba.

Talata, 10 ga Yuni

Ban je gashin ƙashi ba. Waken ma na dafa shi.

Asabar, 14 ga Yuni

Kwana nake, in tashi, in kwanta. Maigida na fita da safe ya dawo ya same ni inda ya bar ni. Jiya ya ce ko in fara sayar da man gashi da kayan kitso daga gida, tunda na san su. Na ce masa in an yanke wa mahauci hannu sai a ce ya koma sayar da wuƙa? Bai cancanci haka daga gare ni ba. Mutumin da ke ɗaura mini zani in na kasa.

Asabar, 21 ga Yuni

Ta sani.

Da hantsi Auta ta zo, yaro a baya, ba sallamar kirki. Ta biya ta shago ta ga kwaɗo, Tela ya ce mata ai na kwana biyu ban buɗe ba. Ta kwance ɗankwali, kanta a tsefe, ta zauna a ƙasa gabana ta ce tunda ba aiki, yau sai na yi mata kitso. Tun tana da gashi ba wanda ya taɓa kanta sai ni.

Na ce kaina ke ciwo. Ta ce kullum da abin da ke ciwo. Ta ce in faɗa mata gaskiya, gori nake so in yi mata ko me? In jinin ne ke ƙona mini rai, a zo a zuƙe a mayar mini. Na tashi zan shige ɗaki, ta cafko ni. A daidai wurin.

Ban san na iya irin wannan ihun ba. Na durƙushe. Yaron ya tsorata ya fashe da kuka. Mayafin ya zame, ta ga hannun, ya fi ɗayan sirancewa, ga tabon ƙuna, ga yatsu biyu a sandare.

"Yaya, mene ne wannan?"

Na faɗa mata. Ban yi niyya ba, bakin ne ya buɗe. Allurar, wutar, likita, waken, Malama. Har ranar da na tare ɗanta da gwiwa. Tana ji tana girgiza kai, hawaye na zuba ba sauti.

Can ta ce, "Da kin san haka zai faru, da kin bayar?"

Amsar tana nan a bakina. Ƙwarai kuwa, sau dubu. Ita ce amsar, kuma gaskiya ce. Amma sai da na tsaya. Ban san me ya riƙe ni ba, na dai kalli hannun, na tsaya. Kafin in buɗe baki ta riga ta gani.

Ta ɗaura ɗankwalinta, ta gyara goyo, ta ce, "Ki yafe mini." Ta fita. Na kira ta, ba ta juyo ba.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na kira, ba ta ɗauka ba.

Laraba, 25 ga Yuni

Inna ta zo, ta zauna ta riƙe hannun nawa na dama tana kuka, wai me ya sa na rufe su. Ta kawo wani mai da maƙwabciyarta ta ce yana tayar da jijiya. Na bar ta ta shafa, ina cije leɓe. Ta ce Auta ba ta cin abinci, mijinta ya rasa yadda zai yi.

Abin da na guda tun farko ke nan. Na rasa hannun, na rasa shagon, ɓoyon ma bai tsinana komai ba. Wata uku ina ƙarya a banza.

Litinin, 30 ga Yuni

Likita ya ce akwai wani gwaji a babban asibiti, a ga ko jijiyar na amsawa. Na ce in ba ta amsawa fa? Ya ce sai mu san inda muka tsaya. Ni na san inda na tsaya.

Na rubuta wa Auta saƙo na goge. Me zan ce? Da na bayar? Yanzu ko na rantse ba za ta yarda ba. Shirun nan ya riga ya yi magana.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ba labari.

Talata, 8 ga Yuli

Ta zo. Ba ta kira ba, sai ganinta na yi a tsakar gida tana kwance goyo. Ta rame. Ta gaishe ni kamar baƙuwa, na amsa kamar baƙuwa. Ta shimfiɗa wa yaro zani a inuwa, ta shiga ɗakina ba izini ta kwaso wankin da ya taru a bayan ƙofa. Na ce ta bari. Ko kallona ba ta yi ba.

Na zauna a kan turmi ina kallo. Ta zuba garin sabulu kamar na gado. Ta haɗa farar rigar Maigida da jan zanina a baho ɗaya. Na daure, na daure, na kasa. Na ce ke wai har yanzu ba ki iya wanki ba, uwar ɗa guda? Ta ce in na iya in zo in yi. Sai ta ji abin da ta faɗa, ta daskare, kumfa har gwiwar hannu.

Na ce, "Mara kunya."

Ta ce, "Jininki ne."

Ban yi dariya ba. Tari ne ya sarƙe ni.

Rigar ta riga ta yi ja, Maigida sai haƙuri. Mun yi faɗa a kan shanya ma, tana rataya kaya a karkace. Waccan maganar ba ta tayar ba, ni ma ban tayar ba. Tana nan.

Hannun yana yadda yake. Da yamma ma ya yi ta zuga.

Da za ta tafi ta ce ranar gwajin ita za ta raka ni babban asibiti, kada Maigida ya bar aikinsa. Na ce ni ban ce zan je ba. Ta ce ta ji.

Na dai tambayi Maigida wace mota ke zuwa can. Don in sani kawai.